Ƙunshin Hajiya Rabi a Ƙasar Kifi

To, Bashiru, Moktar, da ku sauran 'yan zaman ƙofar bene, ku saurara sau ɗaya. Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi da daɗi ba. "Lawali, wai da gaske ka hau bato?" "Lawali, ka yi amai?" "Lawali, ina tsaraba?" Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta na sa a gurup, kowa ya karanta da kansa. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya tuna a ajin troisième lakwal, wato makaranta, ta sallame ni, ba ni na sallame ta ba.

Ga yadda abin ya taso. Kawu Isufu, ƙanen tsohuwata, ya fi shekara ashirin yana ɗauka da gyaran kifi a kasuwar Rungis, kusa da Paris. Bana ya yi retiret, ya ajiye aiki. 'Ya'yansa suka ce ya faɗi abin da yake so. Makka ya riga ya je. Sai ya ce shi dai yana so ya ga ƙasar nan da ake rubutawa a jikin akwatunan kifi, Norvège, ƙasar da ta karya masa baya ba tare da ya taɓa ganin ta ba. Suka yanka masa biye, wato tikitin croisière, jirgin ruwan yawon shaƙatawa, wurin mutum biyu. Matarsa Inna Hadiza ta ce ita ko gadar Seine ido rufe take tsallakewa. 'Ya'yan duk masu aiki ne. Aka duba dangi kaf, aka nemi wanda in ya ɓace sati guda ba kamfanin da zai rushe. Aka same ni.

Labari bai kwana biyu ba ya hau benenmu na unguwar Minguettes a Lyon. Kun san Hajiya Rabi ta hawa na tara, daidai saman ɗakinmu. Ga wanda bai sani ba, ita ce uwar Aziz, ɗanta namiji guda ɗaya, wanda ya koya mini ƙwallo da mari a filin kartiye, wato unguwa. Aziz ya tafi Norvège aikin kiwon kifi, ya auri 'yar can bai jira yardar tsohuwa ba. Ranar da ta ji, ta rantse gaban mata ba za ta sake kiran sa ba, ta sa aka goge lambarsa daga wayarta. Shi kuma da yake jininta ne, ya ce ba zai kira wadda ta goge shi ba. Shekara uku ke nan. An haifi ɗiya mace, ta hana kowa ya faɗa mata ko suna.

Ta aiko a kira ni. Na durƙusa, muka gaisa har gwiwata ta fara ciwo.

"An ce za ka Norbej."

"Haka ake cewa, Hajiya."

Ta miƙo mini wata 'yar takarda da sunan gari a kai. "Jirgin naku zai tsaya nan?"

Na duba tsarin tafiyar a waya. Yana ciki, rana ta huɗu, daga tara na safe zuwa biyar na yamma. Sunan garin kar ku tambaye ni, ya fi ƙarfin harshena.

Sai ta jawo wani ƙunshi daga bayan kujera, ɗaure da ɗankwali, ya kai girman kan ɗan maraƙi. "Ka kai wa wancan."

"Wane wancan, Hajiya?"

"Kar ka raina mini hankali."

"To, adireshi fa?"

"Gida ne ja, a bakin ruwa, da kwalekwale a ƙofa. An taɓa nuna mini hoto. In ka sauka ka tambaya. Baƙar fata nawa ne a garin? Kuma ka ji da kyau: kar ka ce ni na aiko ka. In ka faɗa ban yafe ba."

"In ya tambaye ni fa?"

"Ba ka da baki? Kullum kana ƙofar bene kana zuba ƙarya a banza, yau ga ranar amfaninta."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce: "In ya ƙi karɓa, ka dawo mini da abina. Daga ranar na san ba ni da ɗa."

Wallahi daga nan ƙunshin ya ƙara nauyi.

Na hau jirgin ƙasa a Part-Dieu da ƙunshi a cinyata kamar jinjiri. Akwai daddawa a ciki, ban buɗe ba amma hancin kowa ya shaida. Wata madam da ke kusa da ni ta jure har muka bar Lyon, sannan ta tashi wai za ta sha kafe, ba ta sake dawowa ba. Na miƙe ƙafa kan kujeru biyu har Paris.

Na kwana gidan Kawu kusa da Rungis. Inna Hadiza ta haɗa masa kaya kamar mai tafiya yaƙi: dabino, dambun nama, zuma, man shafawa na baya. Da safe ya fito da babbar riga, ya ɗora mata jaket ɗin da yake shiga ɗakin sanyi da ita a wurin aiki, ga hular ulu. Na ce: "Kawu, rabinka Damagaram, rabinka firiza." Ya ce: "Ɗauki baliz, ɗan banza." Na ɗauki akwatin, muka kama jirgin ƙasa zuwa Le Havre.

Da na hango baton nan, jirgin ruwan, sai da na ja da baya. Ku ɗauki benenmu guda uku ku kwantar cikin ruwa, shi ke nan. Bambancin kawai, tasu asansar, na'urar hawa da sauka, tana aiki.

A ƙofar shiga nan ne iyakarmu. Fasfo, takardar zama, a ɗauke ka hoto, a ba ka wani kati da shi ne makulli, shi ne shaida, shi ne komi. Papiye ba matsala. Matsala na wurin na'urar duba kaya. Baliz ɗin Kawu na shiga ta yi kuka. Aka buɗe: ɗan kurfoti, murhun dafa shayi, da gawayi cikin leda, da buta. Mai gadin ya ce wuta ba ta shiga jirgi.

Kawu ya ce: "Faɗa masa kewaye muke da ruwa. In ta kama ai ba nisa."

Ban fassara ba. Suka riƙe kurfoti da gawayi, sai ranar sauka. Kawu ya yi ta kallon su kamar an kai ɗansa kaso.

Sannan aka zo kan ƙunshin Hajiya. Mai gadin ya kwance, na ga abin da ke ciki: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kwalbar yaji babba, da wani zane a ninke. Ya buɗe kwalbar, ya kai hanci. Na so in hana shi, wallahi na so. Ya yi atishawa bakwai a jere, abokan aikinsa suna dariya har da riƙe ciki. Da hawaye a idonsa ya yi mini alama da hannu: ɗauki abinka ka ɓace. Haka yajin Hajiya ya buga wa kansa biza.

Ɗakinmu kabin ne na can ƙasa, ba taga. Gado biyu, bayi kamar akwatin waya. Kullum in mun dawo sai mu tarar an naɗe tawul an yi shi kamar giwa ko agwagwa. Kawu ya ce: "Wannan yaron da ke gyara ɗakin yana da lokaci." Amma na kama shi yana ɗaukar giwar hoto zai aika wa Inna.

Abin da ya wahalar da shi alƙibla ce. Ya sa ni in duba a waya, in nuna masa, ya shimfiɗa darduma. Kafin ya gama alwala jirgi ya karkata, alƙibla ta koma wajen ƙofar bayi. Ya ce: "Je ka ka gaya wa kapiten ya tsaya wuri ɗaya minti biyar." Daga baya ya kira wani malaminsa, aka ce ya fuskanci inda ya samu da farko, ya isa. Magariba kuwa, da muka yi arewa, rana ta ƙi faɗuwa kamar baƙon da ya ji ƙamshin tuwo.

Eh, Moktar, na yi amai. Rana ta biyu, teku ta tashi, na rungume bokiti kamar amarya. Kawu kuwa ko gezau, yana cin dabino yana mini nasiha.

Abinci fa? Wani zaure ne da ba a rufewa, ka ɗauki faranti ka ɗiba, ba mai cewa ya isa. Ranar farko na ci kamar za a kore ni. Nama mun bar musu, ba mu san wa ya yanka ba, muka tare a kifi. Kawu ba ya ɗaukar kifi sai ya danna shi da bayan cokali ya sunsuna. "Wannan ya kwana huɗu." "Wannan an daskarar da shi sau biyu." Har wani mai dafa abinci ya gane shi, in ya hango mu sai ya fito da na ɓoye.

A asansar muka gamu da Anti Rifkatu. Wata mata ce baƙa, da tabarau da wata hula mai faɗi. Na ɗauka 'yar tsibiran Antilles ce. Na ce: "Kawu, dubi hular matar nan, kamar faifan rufe tuwo."

Ba ta ko juyo ba ta ce: "Ɗana, in faifan ya burge ka sai in ara maka."

Na so asansar ta faɗi da ni. Kawu ya kai mini rankwashi a gabanta, ita kuwa dariya har da cire tabarau. Ashe 'yar Jos ce, nas a wani asibiti a Paris. Ita da maigidanta suka zo, amma shi tun Le Havre yake kwance da bokitinsa, har muka sauka ban ga fuskarsa ba. Daga ranar teburinmu ɗaya. In na ce lakwal ta ce: "Me? Makaranta ake cewa. Ku mutanen Nijar kun jiƙa Hausa da Faransanci." Na ce: "Anti, ku da kuka shanya ta a Ingilishi fa?" Na ba ta labarin ƙunshi. Ta ce: "Kana jin Turanci?" Na ce ina jin yes. Ta ce: "To da ni za a je, in ba haka ba kai da ƙunshin duk za ku ɓace."

Rana ta huɗu muka wayi gari tsakanin duwatsu, ruwa kwance shiru kamar an goge shi. Garin ɗan ƙarami ne, mutanen jirginmu sun fi mutanen garin yawa. A bakin fita aka ce kowa ya dawo huɗu da rabi, wanda ya makara ya nemi hanyarsa. Na rungumi ƙunshi, na ce bismillah, na ɗaga kai in nemi jan gida a bakin ruwa mai kwalekwale a ƙofa.

Jama'a. Duk bakin ruwan jajayen gidaje ne. Duk da kwalekwale a ƙofa. Daga nan har inda ido ya tsaya.

Na ce ba komi, a yi yadda ake yi a gida. Na tare wani mutum da karensa, na yi sallama, na miƙa hannu, na fara tambayar lafiyar gida. Mutumin ya ƙame kamar na nuna masa wuƙa. Karen ne ma ya amsa. Mutanen nan ba mugaye ba ne, amma in ka gaida wanda bai san ka ba, sai ya ɗauka wani abu ya faru. Anti ta ce in rufe baki, ita za ta yi magana. Muka ƙwanƙwasa jan gida na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na leƙa ta taga a na uku: raga, igiya, injin kwalekwale. Ashe duk jajayen nan ba gidajen mutane ba ne, ɗakunan ajiyar kayan su ne. Aziz a ƙofar sito ya ɗauki hoto.

Muka shiga cikin gari. Nan Kawu ya ci mana awa guda. A ƙofar wani gidan shan kafe ya ga keken jarirai a waje, cikin sanyi, da jariri a ciki yana barci, ba kowa kusa. Ya tsaya cak.

"An yar da yaro."

Anti ta ce: "Alhaji, al'adarsu ce, uwar na ciki tana shan kafe. Wai iskar na ƙara musu lafiya."

"Ba inda za ni sai na ga uwar da idona."

Ya tsaya kan keken kamar soja, da babbar riga da jaket ɗin firiza, yana kore tsuntsayen teku da hula. Uwar na kallon mu ta gilashi, tana tsoron fitowa, mu muna jiran ta fito. Sai da Anti ta shiga ta yi mata bayani. Matar ta fito tana dariya, ta ce ba a taɓa yi wa ɗanta gadi ba, ta kawo wa Kawu burodi mai kirfa. Ya karɓa, amma ya sa Anti ta gaya mata ta ƙara wa yaron bargo.

A gidan shan kafen nan muka samu bakin zare. Anti ta ce Aziz, fuskar mai sayarwa ta washe. Ta san shi sarai, kowa ya san shi. Na ce alhamdulillahi, ina gidan? Ta ce a'a. Ba a faɗa wa baƙo gidan mutum sai da izininsa. Lambarsa fa? Ita ma a'a. Ta kira shi da kanta, bai ɗauka ba, yana kan ruwa wurin kejin kifi. A Damagaram da tuni yara goma sun raka mu har ƙofar ɗaki, sun faɗa mana abin da aka dafa jiya a gidan. Nan kuwa gari guda ya san mutum, gari guda ya rufe baki. Mun tambayi mutum uku, amsa ɗaya, da murmushi.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Na zauna kan benci da ƙunshi, ina ganin fuskar Hajiya in na miƙa mata abinta. Ko ƙarya ba ta zo mini ba, ku da kun san ni kun san abin ya kai.

Kawu ya ce: "Tashi. Mai kifi a wurin masu kifi ake neman sa."

Ya bi hancinsa har wani ɗan dandali inda ƙananan jirage ke sauke kaya. Wani tsoho mai farin gemu na tsaye yana gyaran kifi kan tebur. Kawu ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Ya girgiza kai. Tsohon ya ɗago, ya ga an girgiza masa kai, sai ya juya wuƙar ya miƙo ta ƙota. Kawu ya naɗe hannun babbar riga. Jama'a, ban taɓa ganin Kawuna a bakin aiki ba sai ranar. Zuuut, zuuut, ya juya, zuuut. Tsoka gefe, ƙaya gefe, ƙayar fes kamar an lashe. Tsohon ya ɗaga ƙayar ya duba ta a rana, ya yi wata ƙara a maƙogwaro, ya jawo wani kifin da wata wuƙar. Suka shiga gasa. Ba Hausa, ba Faransanci, ba yaren garin, sai "hm" da "aha". Suka nuna wa juna tabon wuƙa a yatsu, kowa na alfahari da nasa. Ni ina duba agogo ina mutuwa.

Da kifi ya ƙare Anti ta faɗa masa abin da ya kawo mu. Tsohon ya kalli ƙunshi, ya kalli Kawu, ya goge hannu. Ya yi magana, Anti ta fassara: "Wai shi ma ba zai faɗi gidan kowa ba. Amma akwai gidan da zai kai wa kifin nan a kan tudu, kuma hanya ta kowa ce."

Muka bi shi a baya kamar ba tare muke ba. Gidan fari ne, kan tudu, ko bokiti babu a ƙofa balle kwalekwale. Shi ya fara shiga ya nemi izini, sannan ya yafito mu.

Matar Aziz, Kari, doguwa ce mai gashi kamar zangarniyar gero. Ta ga Kawu, ta ɗan rusuna ta ce: "Sannu da zuwa, Baba." Hausar a karkace, amma Hausa ce. Abu ɗaya da na ga mun yi tarayya da mutanen nan, ba a shiga musu ɗaki da takalmi. Ta kawo kafe baƙi ƙirin da wata waina mai ramuka, da wani cuku ruwan ƙasa da na ɗauka sabulu ne. Yana da zaƙi, yana manne wa dasashi. Na ci uku don kunya, na ci na huɗu don daɗi. Kawu ya nemi wurin salla, ta buɗe kabad ta ɗauko darduma da ta sha goshi. Wata 'yar yarinya mai kumatu ta laɓe bayan ƙafar uwarta tana leƙen hular Anti.

Uku da rabi Aziz ya shigo, cikin kayan roba ruwan lemo, yana ƙarnin teku. Ya gan ni ya tsaya.

"Lawali? Kai, ɗan iska, wa ya ba ka biza?"

"Grand, babban yaya, ka yi ƙiba. Kifin kake kiwo ko shi ke kiwon ka?"

Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ya durƙusa ya gaida Kawu da Anti. Sai idonsa ya sauka kan ƙunshin a tebur. Ɗankwalin kawai ya gani, dariyar ta ɗauke.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. A asansar na tsinta."

"Lawali."

"Wallahi… to, ban ce wallahi ba. Na tsinta dai."

Ya kwance. Ya taɓa kukar, ya taɓa kwalbar. Ya warware zanen, ashe zanen goyo ne, sabo, an yi masa kalmasa da hannu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da komi, ya ɗaure, ya turo mini.

"Abin da ba wanda ya aiko, ba na karɓa. In tana da magana da ni, ta faɗa da sunanta. Shekara uku, Lawali. Aka haifi yarinyar nan ko barka."

Huɗu saura kwata. In na faɗa, Hajiya ba ta yafe ba. In ban faɗa ba, ƙunshi ya koma Lyon, kun kuma ji abin da ta ce. Kawu ya buɗe baki, na ce: "Kawu, bari." Ni aka aika.

Na ce: "Grand, ni ban san wanda ya aiko ba. Abin da na sani, kafin in taso kwana uku ba mu huta ba a hawa na takwas. Turmi ake bugawa a saman kanmu tun safe, dum, dum, har fitilar silin ɗinmu na rawa. Gardiyen, mai kula da bene, ya hau sau biyu. Tsohon nan na hawa na bakwai ya yi ta dukan bututu da tsintsiya. Aka ce wa mai dakan a yi amfani da inji mana, aka ce yajin inji ba ya yi wa wani mutum daɗi, tun yana yaro sai na turmi. Kuma mai dakan kafaɗarta ciwo take, kowa ya sani, da allura take kwana. Ni dai ban ga kowa ba. Ƙara na ji."

Anti na fassara wa Kari a hankali. Aziz ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka. Ashe duka biyun ne.

"Har yanzu tsohon nan na hawa na bakwai bai mutu ba? A da ni ake aikawa in ba shi haƙuri."

Ya jawo ƙunshin gabansa. Ya buɗe kwalbar, ya dangwala yatsa ya kai baki, ya ce yajin ne ya sa masa hawaye. Muka ce haka ne, yajin ne.

Yarinyar ta zo ta kama zanen goyon tana ja. Kari ta ce: "Ummi, nei!" Na ce: "Ummi? Mi ne sunanta na yanka?" Kari ta kalli mijinta, ta yi wa Anti magana. Anti ta yi murmushi ta ce: "Wai sunan yana kan takarda, amma ba a faɗin sa a gidan nan. Maigida ya hana tun ranar suna." Na kalli Aziz, ya kau da kai yana gyara murfin kwalba. Ba sai an ƙara mini bayani ba.

Sai jirgi ya yi wani kuka daga ƙasa, buuuu. Huɗu da minti ashirin. Muka zuba cikin matar Aziz… a'a, cikin matonsa, mota nake nufi, kar Bashiru ya samu abin faɗa. Kari ta cusa mini wani busasshen kifi mai tsawon hannuna, tauri kamar katako. Aziz ya rubuta lamba a jikin takardar da aka naɗe shi, bai ce a ba wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Muka gangaro tudun nan, Anti na riƙe da hula tana kiran Yesu, Kawu na salati, ni ina riƙe da kifi. Mu ne na ƙarshe. Turawa a saman jirgi suna tafi suna fito, Kawu ya ɗaga musu hannu kamar shugaban ƙasa. Aziz ya tsaya a bakin ruwa da ɗiyarsa a kafaɗa har muka daina ganin kayan lemon nan.

Sauran tafiyar mun ga wasu garuruwa biyu, da ruwa mai zubowa daga dutse, amma ni na riga na sauke kayana, ci da barci kawai na yi.

Ranar da na iso Lyon ban ko ajiye baliz ba na hau hawa na tara. Hajiya ta kalli hannuna. Ba ƙunshi, sai kifi. Ta tambayi hanya, ta tambayi Kawu, ta tambayi teku, ta tambayi ko ana ba da abinci, ta tambayi sanyi. Ta tambayi komi ban da abu ɗaya. Na ajiye kifin, takardar na kallon sama.

"Ka ce ni ce?"

"Ban faɗi sunan kowa ba, Hajiya."

"To."

Na miƙe zan tafi. Har na kama ƙofa ta ce, ba ta kalle ni ba: "Ita 'yar… wa aka sa mata?"

Na ce: "Hajiya, ni yaro ne, ba zan iya kama sunan nan a gabanki ba. Su ma can ba sa kamawa. Ummi suke ce mata."

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta, tana lanƙwasawa tana warwarewa. Sannan ta jawo wayarta daga ƙarƙashin matashi, ta tura mini ita tare da takardar kifin.

"Ni na rantse ba zan kira shi ba, kuma ba zan kira shi ba. Danna mini lambar nan. Da takwarata zan yi magana."